Surukin Da Ke Wanke Sabulu

A ƙauyen Kanyumbu, can gindin duwatsun Dedza, babu matar da ba ta taɓa yi wa mijinta gori da Limbikani ba. Da mutum ya ci nsima, tuwon masararsu, ya ture kwano ya kishingiɗa, sai ya ji an ce ai surukin Nachisale tun ɗazu ya gama wanke na gidansu. Maza kuwa kamar su shaƙe shi don haushi. Ba su san cewa da za a ba shi zaɓi, shi ma kishingiɗar zai yi ba.

A gidan su matarsa Enelesi yake zaune, kamar kowane magidanci a nan: ka auri 'yar mutane, ka tattaro komatsanka ka dawo ƙarƙashin uwarta, ka gina ɗaki a gefe, ka yi noma a gonarsu, ka kuma iya bakinka. Gyaran keke ne sana'arsa. Amma tun shekarar da kwalara ta ɗauke mahaifiyarsa cikin yini biyu, wani abu ya shige masa kai ya ƙi fita. Kullum yana raɗa masa cewa hannunsa da cuta, duk wanda ya taɓa zai mutu, kuma alhakin a wuyansa. Shi kansa ya san zancen banza ne. Sanin bai hana gabansa faɗuwa ba, kuma faɗuwar gaban ba ta lafawa sai ya wanke hannu.

To, wankin ne ba ya tsayawa a hannu. Yana gamawa sai ya tuna da wannan hannun ya ɗauki sabulun, sai ya wanke sabulun. Sabulun kuma a kan dutse ya ajiye, sai ya wanke dutsen. Daga dutse sai bokiti, daga bokiti sai kwanukan da aka jera kusa da shi. Kafin rana ta take ya bi ta kan tukwane, turmi, taɓarya, kujerun tsakar gida, murfin masai da igiyar akuya. Akwai ranar da akuyar ma ba ta tsira ba.

Ga surukarsa Nachisale, wannan tsuntsu ne daga sama gasasshe. Ita dai ba ta taɓa sa shi aiki ba, kuma tana iya rantsuwa da littafi a kan haka, don kunya ta hana uwar mata yi wa mijin 'yarta magana ido da ido. Sai dai Allah ya hore mata wata baƙar kaza mai yawan kai-kawo a tsakar gida, kuma da kaza babu kunya.

"Ke baƙa," haka za ta ce tana tsinke ganyen kabewa, "kin ga ƙudan nan da ya taso daga bayan gida ya sauka kan tukunyar wake? Ni dai ban ce komai ba."

Kafin kazar ta gama tonon da take yi, Limbikani ya ɗauki soso.

Da haka gidan Nachisale ya zo na ɗaya a gasar tsafta ta ƙauye. Dubagari ya zo da littafinsa, ya leƙa masai ya fito yana cewa shi ko a gidan limamin coci bai ga irin wannan ba. Ya sanar da su cewa gidan ne zai wakilci ƙauyen a gasar gunduma bayan an girbe masara. Nachisale ta ɗaura sabon zani ta zaga gida-gida, wai gaisuwa ta je.

A cikin wannan gida mai sheƙi akwai yarinya 'yar wata biyar, Tadala, wadda ubanta bai taɓa ɗauka ba. Ko yatsarta bai taɓa riƙewa ba. Yakan tsaya daga bakin ƙofa ya ɗaga hannuwa sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, ya yi ta kallonta tana wasa da ƙafa. Mata suna cewa kawaicin ɗan fari ne. Ba kawaici ba ne. Son yarinyar nan ne yake cin ransa, kuma duk yadda son ya kai, tsoron kada ya kashe ta ya fi shi.

Asirin ya tonu ne ranar awon jarirai. A ƙaramin asibitin yankin, matar da ta zo da mijinta ba ta bin layi, don haka Enelesi ta ja shi suka tafi. Ya bi ta a baya, hannuwa a sama, yana kauce wa kowa. Sikelin a reshen mangwaro ake rataye shi. Da aka zo kansu, mai awon ya ce uban ya miƙo yarinyar, Enelesi kuma ta juyo da ita wajensa ba tare da tunani ba. Limbikani ya yi tsalle da baya, ya ture bencin da mata huɗu ke zaune, ya faɗa cikin lambun kabejin asibiti. Aka yi ta dariya har da masu riƙe ciki.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba, wata nas mai furfura da ake kira Sista Gondwe, wadda ke zuwa duk bayan mako biyu don duba masu larurar ƙwaƙwalwa. Ita hannuwansa ta gani. Fatar ta yi fari ta tsattsage, tsakanin yatsun ya zama gyambo. Ta kira shi ɗaki ta rufe ƙofa, ta yi masa tambayoyi a hankali: yaushe abin ya fara, me yake tsoron zai faru in bai wanke ba, yana jin murya ne daga waje ko tunaninsa ne, yana barci, yana cin abinci. Ya ba ta amsa yana kallon ƙasa. Da ta tambaye shi abin da ya fi so a duniya, sai ya fashe da kuka, ya ce ya ɗauki 'yarsa.

Ta ce masa wannan ba hauka ba ne, ba maita ba ce, ba kuma wani ne ya yi masa asiri ba. Ciwon waswasi ne, yana da suna a littafi, yana da magani, kuma ba shi kaɗai ne mai shi a gundumar ba. Ta ba shi ƙwayar da zai riƙa sha kullum da safe. Sannan ta zana masa tsani mai hawa goma a takarda. Kowane mako zai taɓa abu ɗaya da yake ƙyama, ya zauna da faɗuwar gabansa ba tare da ya wanke hannu ba, har ta gaji ta lafa da kanta. Hawan farko tsintsiya, na ƙarshe Tadala.

Ta kira Enelesi ta ce, "Rabin maganin nan a hannunku yake. Kada a bar masa wanke-wanke. In ya tambaye ku ko abu da datti, kada ku amsa masa. Kuma kada wanda ya ƙara ambata masa ƙuda."

Enelesi ta ce to, tana kallon faratanta da ta shafa wa jan farce.

Da yamma aka kira Kawu Mayeso, yayan Nachisale, wanda maganarsa ce yankan wuƙa a gidan. Ya zo sanye da farar rigar da Limbikani ya wanke masa shekaranjiya, ya zauna a kujerar da Limbikani ya goge da safe, aka karanta masa takardar. Ya ce shi a tsawon rayuwarsa bai taɓa jin inda tsafta ta zama ciwo ba. In asibiti na neman marasa lafiya, ga Chikopa can maƙwabcinsu, rabonsa da wanka tun zaɓen da ya wuce, su je su kama shi. Ya ce kuma in aka ji gidansu na karɓar ƙwaya daga hannun matar nan, wa zai ƙara neman aure a dangin? A bar kaza cikin gashinta.

Nachisale ta gaya wa kazarta cewa akwai masu baƙin ciki da ba sa son ganin gidan talaka ya ci gasa, kuma ita ta san nas ɗin nan 'yar arewacin ƙasar ce, can kuwa ba su san darajar suruki ba. Enelesi ta ce ita dai tana son mijinta ya warke, amma ai ba gaggawa, tunda ba kwance yake ba. Limbikani yana durƙushe a gefe, don suruki ba ya tsoma baki a taron dangin mata. Da aka watse ya linke takardarsa ya sa a aljihu, washegari ya haɗiye ƙwayar farko.

Makon tsintsiya ya zo ya wuce da gumi. A na biyu ya kama sarƙar keke, ya zauna da baƙin mai a tafinsa yana ƙirga kajin maƙwabta don ya ɗauke hankalinsa. A na huɗu aka zo kan akuya. Mutanen da ke dawowa daga burtsatse suka ga surukin Nachisale zaune a tsakar gida ya rungume akuya, idonsa a rufe, hawaye na zuba, akuyar kuma tana cin kwalar rigarsa. Nan take labari ya bazu cewa mutum yana zamansa lafiya an kai shi asibiti an haukata shi. Maza suka ji daɗi, har wani ya sayo masa rake.

Amma abin yana aiki. Faɗuwar gaban da take kai shi awa guda ta dawo rabin awa, ta dawo 'yan mintoci. Gyambon hannunsa ya fara kamewa. A mako na shida ya ci nsima da zafinta, abin da ya manta ɗanɗanonsa, don a da kafin ya gama wanke hannu ta sandare. Ya buɗe rumfarsa ta gyaran keke a bakin hanya. Sista Gondwe tana duba takardar tana sa alama, tana yaba masa ƙoƙarinsa, shi kuma yana tafiya gida yana fito.

Gidan ne dai ya shiga wani hali. Kwanuka suka fara kwana da miya. Jan farcen Enelesi ya ɓare. Rigar Kawu Mayeso ta koma launin ƙasa, ya riƙa zuwa yana tsayawa kusa da bokiti yana tari, ba wanda ya tanka masa. Nachisale ta gwada ƙuda, ta gwada kyankyaso, ta gwada ɓera da ta ce ta gani da idonta yana rawa cikin turmi. Limbikani yakan ji gabansa ya yanke, ya damƙe takardar aljihunsa, ya fice zuwa rumfa. Kazar ma ta gaji da sauraro ta koma kwanci.

A mako na tara ya riƙe hular Tadala, ya shinshina, ya sa ta cikin rigarsa ya yini da ita. Yarinyar ta fara rarrafe a lokacin. Saura hawa ɗaya, kuma Sista ta sa masa ranar Juma'a. Ya gaya wa Enelesi a gona suna ɓare masara, ita ma ta yi murna ta gaskiya, ta ce ko banza bayanta zai huta da goyo.

Ranar Litinin dubagari ya aiko da saƙo cewa alƙalan gunduma za su zo wannan Juma'ar.

Nachisale ta tsaya ta ƙare wa gidanta kallo: tukwane baƙi ƙirin, kashin kaji a ko'ina, murfin masai a karkace. Mata uku ne a gidan in aka haɗa da ƙanwar Enelesi, duka da hannuwa bibbiyu, kuma da sun tashi tsaye da yini ɗaya ya ishe su. Amma wanda ya saba cin kwance, miƙewa wuya take masa. Ta je ta ɗago kazar daga kan ƙwai, ta ajiye ta daidai inda Limbikani ke ɗaure kayan aikinsa a keke.

"Ke baƙa, kin ji abin da ya faru a ƙauyen Mphanda? Kwalara ta dawo. Wata yarinya 'yar wata takwas, jiya aka binne ta. Wai ubanta ne ya ɗauke ta da hannun da ya ci abinci a kwano mai datti. Ko da yake mu ina ruwanmu, namu kwanukan ai likita ta ce a bar su haka."

Babu yarinyar da ta mutu a Mphanda. Wani yaro ne ya ci ɗanyen mangwaro ya yi zawo, kuma a ranar ma yana can yana ƙwallo.

Limbikani ya san dokar Sista, ya san bai kamata ya tambaya ba, amma bakinsa ya riga shi. Ya juya wajen matarsa, wadda ke zaune da Tadala a cinya.

"Maman Tadala, gaskiya ne?"

Ita ma ta san dokar. Ta kuma san gaskiyar, don da safen nan ta haɗu da matan Mphanda a injin niƙa. Ta dubi uwarta, ta dubi tulin tukwanen, ta sunkuyar da kai tana gyara wa yarinyar riga.

"Haka dai na ji ana faɗa," in ji ta.

Ya sauke kayan daga kan keken ya ɗauki bokiti.

Kwana huɗu yana wanki. Abin ya dawo masa da ƙarfin da bai taɓa yi ba, kamar yana rama makonnin da aka hana shi. Ya wanke kwanuka, ya wanke gadon shanya kwanukan, ya wanke ƙafafun gadon. Ya kankare tukwane da yashi har ɗaya ta huje. Ya wanke bangon masai ciki da waje, ya hau sama ya goge kwanon rufi, ya tare Kawu Mayeso a ƙofa ya karɓe rigar jikinsa da hula. Gyambon ya buɗe sabo. Jini ya riƙa ɗiga a kan kwanon da ya gama ɗaurayewa, sai ya sake wanke shi, wankin kuma ya ƙara fito da jinin. Enelesi ta yayyaga tsohon zani ta ajiye masa a kan dutse don ya naɗe hannun, ta ce masa ya daure, daga Juma'a shi ke nan, sai ya koma kan tsaninsa. Kawu ya ce ai ga shi nan ya warke, ya dawo yadda aka san shi.

Tadala kuwa rarrafe ya yi mata daɗi, kuma ruwa da kumfa suna burge ta. Duk inda ta hango uban a sunkuye sai ta nufe shi da sauri tana dariya. Shi kuma da ya waiwaya ya gan ta dab da shi, sai ya kurma ihu ya daka tsalle. Ranar Talata kan turmi ya haye. Ranar Laraba ya tsallake katangar kara ya faɗa gidan Chikopa. Mutanen gida suna ta ƙyaƙyata dariya, yarinyar kuma tana tsala kuka don ta firgita. Ranar Alhamis da ta gan shi, sai ta tsaya daga nesa, ta juya ta nufi wajen akuya.

Alƙalan suka iso ranar Juma'a da hantsi cikin farar mota, maza biyu da wata mata mai tabarau. Suka shafa yatsa a gindin tukunya, suka leƙa randa, suka shiga masai suka daɗe. Nachisale ta yi musu bayanin yadda ta tarbiyyantar da gidanta, ta ce tsafta a jininsu take tun kakanni. Tadala tana ta yawo daga hannu zuwa hannu. Mai tabarau ta ɗauke ta, dubagari ya ɗauke ta, har direban ya cilla ta sama ya cafe, tana ta ɓangala dariya. Ba a ɓata lokaci ba aka ce gidan ya cinye, aka ce iyali su jeru a ɗauki hoto.

Limbikani yana bayan rumbu, hannuwa naɗe da tsumma. Bai manta wace rana ce ba. Tun safe yake maimaita abin da Sista ta gaya masa, cewa ba jira ake yi tsoro ya tafi ba, da tsoron ake yi. Da mai hoton ya ce ina uban yarinyar, ya zo ya riƙe ta a tsakiya, sai ya ji ƙafafunsa sun fito da shi. Ya zo gaban Enelesi ya tsaya. A karo na farko tun da aka haifi yarinyar, ya sauke hannuwansa daga sama ya miƙa mata su.

Tadala ta dube shi. Ta ƙanƙame wuyan uwarta, ta tsandara kukan da ya sa kaji suka watse, tana tura fuska cikin zani tana shure-shure.

Aka yi dariya. Mai tabarau ta ce ƙiwa ce, haka yara suke. Kawu ya ce a bar ta wajen uwar, kada hoto ya ɓaci. Enelesi ba ta yi dariya ba, ta ja da baya tana jijjiga 'yarta.

Ba ƙiwa ba ce. Yarinyar da ta yarda da direban da ba ta taɓa gani ba, ubanta kaɗai take tsoro a duk faɗin ƙauyen, kuma a gidan aka koya mata, cikin kwana huɗu, saboda tukwane. Babu wanda ya ɗaure mutumin nan da mari, babu wanda ya doke shi ko ya hana shi abinci. In ka tambaye su za su ce maka ba su taɓa ko sa shi aiki ba, kuma ba ƙarya suka yi ba. Sun dai ga ciwonsa yana yi musu amfani, sai suka yi ta ba ciwon abinci. Irin wannan zalunci ba ya barin tabon da za a kai gaban mai gari, shi ya sa masu yin sa suke barci da munshari.

Limbikani yana nan tsaye, ya kasa mai da hannuwan. Babban alƙalin ya dawo daga mota rungume da kyautar gasar, katan guda na sabulu, yana neman wanda zai damƙa wa. Ya ga mutum ya riga ya miƙo hannu biyu, sai ya ɗora masa.

Mai hoton ya ce kowa ya yi murmushi.